Lamunin NELFUND da sikolashif: me ɗalibin jami'a zai samu, me mai karatu daga nesa zai samu?

Tambaya: "Ni malamar firamare ce, ina da NCE, ina da aure da 'ya'ya uku. Ina son yin digiri a NOUN, jami'ar karatu daga nesa, domin ba zan iya barin aiki da gida in koma makaranta ba. Ƙanena kuma ya samu gurbi a jami'ar tarayya bana, ni ce zan ɗauki nauyinsa tunda mahaifinmu ya rasu. Ana ta maganar lamunin gwamnati da sikolashif. Wanne ya shafe ni, wanne ya shafe shi? Kuma bashin nan babu tarko a cikinsa?"

Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ki ladan zumunci. Na daɗe ina aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai, don haka zan faɗa miki yadda abin yake a aikace. Ƙanenki yana da hanyoyi da dama na samun kuɗin gwamnati. Ke kuwa naki kaɗan ne, kuma sai kin tashi tsaye kafin ki same su. Dalili shi ne, kusan duk wani tallafin karatu a Najeriya an tsara shi ne da yaro ɗan shekara 18 a zuciya, wanda ya rubuta JAMB, ya tafi makaranta ya zauna a aji daga Litinin zuwa Juma'a. Ma'aikaci da matar aure da ke karatu daga gida ba su suka fara zuwa ran masu tsarin ba.

Bari mu fara da ƙanenki. A hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu digiri na farko tun ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin soja na Obasanjo. Har gobe haka gwamnati ke faɗa, kuma a takarda gaskiya ne, domin ita ke biyan albashin malamai. Abin da za ki biya masa ana kiransa da wasu sunaye: kuɗin rajista, na jarrabawa, na asibiti, na laburare, na ɗakin gwaje-gwaje, na wurin kwana. A 2023, bayan cire tallafin man fetur, jami'o'i da yawa sun ninka waɗannan kuɗaɗe saboda tsadar wuta da dizal. A Jami'ar Bayero sun kai kusan Naira 100,000 ga kwasa-kwasai masu sauƙin kuɗi, wasu na fannin lafiya sun haura Naira 200,000. Abin ya yi tsanani har gwamnatin Kano ta ware Naira miliyan 700 ta biya wa 'yan jihar 7,000 da ke can, gwamnatin Kaduna kuma ta rage kuɗin makarantunta a shekarar.

Za ki ji ana yawan ambaton TETFund, za ki ga sunanta a jikin gine-ginen jami'a. Kada ki ɓata lokaci a kanta. Asusun ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi da gwamnati a 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabanta, aka yi dokar harajin ilimi a 1993 da ke karɓar kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, aka sabunta ta a 2011, harajin ya kai kashi 3 a 2023. Kuɗin na gina ajujuwa ne da sayen kayan aiki da tura malaman jami'a ƙaro karatu. Ba a biya wa ɗalibi rajista daga ciki.

Wanda ya shafe shi kai tsaye shi ne NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai lamuni. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar lamunin ɗalibai ta farko a watan Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri har ba a iya aiki da ita ba. Sai kuɗin shigar gidanku bai kai Naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu su tsaya maka, irin ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ɗan manomi a ƙauye ina zai samo waɗannan? Aka soke ta, aka kawo sabuwa wadda aka sa wa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire sharaɗin kuɗin shiga da na masu tsaya wa mutum. An buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayun 2024, aka fara da makarantun tarayya, daga baya na jihohi suka shigo. Ɗaliban Arewa sun rungumi abin sosai, jami'o'in Maiduguri da Bayero na cikin waɗanda ke kan gaba wajen yawan masu nema.

Lamunin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar kai tsaye, ɗalibi ba ya taɓa shi. Akwai kuma alawus na Naira 20,000 a wata da ke shiga asusun ɗalibi. Mutum na iya karɓar na makaranta ya bar alawus ɗin. Abin da ake nema shi ne lambar JAMB da takardar shaidar samun gurbi, lambar rajistar makaranta, NIN da BVN. Kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Kin tambaya ko akwai tarko. Abin da ya fi damun mutanenmu shi ne riba, kuma lamunin ba shi da kuɗin ruwa. Abin da ka karɓa shi za ka mayar. Ba a fara neman ka sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, kuma kashi 10 cikin ɗari na albashi ake cirewa ta hannun wanda ya ɗauke ka aiki. Mai sana'ar kansa zai riƙa bayar da kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aiki ba zai iya kai takardar rantsuwa ta kotu a ɗaga masa ƙafa, wanda ya rasu kuma doka ta ba da damar a yafe. Idan kika dubi yadda naira ke zubewa (hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024), za ki ga wanda ya karɓi Naira 100,000 yau ya mayar da ita bayan shekara bakwai ko takwas, abin da ya mayar bai kai abin da ya karɓa daraja ba. Ta wannan fuskar ban san wani bashi a ƙasar nan da ya kai shi sauƙi ba.

Sai dai bashi ne, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu yi lissafi. A ce kuɗin makarantarsa Naira 100,000 ne a shekara, shekara huɗu ya zama Naira 400,000. A ce kuma ya karɓi alawus kowane wata na shekara huɗun, wannan Naira 960,000 ne. Jimilla Naira 1,360,000. Idan ya samu aikin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, za a riƙa cire Naira 7,000 a wata, zai shekara 16 yana biya. Idan albashinsa Naira 200,000 ne, zai gama cikin ƙasa da shekara shida. Kin ga alawus ɗin ne ke kumbura bashin, ya ninka kuɗin makarantar fiye da sau biyu. Shawarata ita ce ya karɓi na makaranta ba tare da wani ɗar-ɗar ba, domin shi ne wanda zai iya sa a kore shi daga karatu, kuma shi ne zai karya ki a lokaci guda. Alawus kuwa ku zauna ku duba. Idan jami'ar a garinku take, yana kwana a gida yana cin tuwon gida, ya bar shi. Idan nesa ce, kuma albashinki ba zai ɗauki abincinsa da na 'ya'yanki ba, ya karɓa, don yaron da ke shiga aji da yunwa ba ya fahimtar komai.

Zai ji abokansa na cewa ai kuɗin gwamnati ne, ba wanda zai biya. Wannan tunanin yana da tushe. Gowon ya kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, an yi dokar Bankin Ilimi a 1993, duk sun mutu, kuma rashin karɓo bashi na cikin manyan dalilai. Amma wancan zamanin fayil ne na takarda. Yanzu bashin a ɗaure yake da BVN da NIN ɗinsa, duk bankin da ya buɗe asusu ana ganinsa. Dokar NELFUND ta kuma tanadi ɗaurin shekara uku ga wanda ya ba da bayanan ƙarya don ya samu lamunin. Ki ja masa kunne tun yanzu.

Inda na fi ganin ɗalibai suna faɗuwa ƙaramin abu ne. Yaro zai zo ofis da wayarsa a hannu, fuska a murtuke, wai an ƙi amincewa da shi. Ka karɓi takardunsa ka jera su a tebur. A JAMB sunansa Muhammad Sani Abdullahi, a NIN an rubuta Mohammed Sani, a banki kuma Abdullahi Sani Moh'd, ranar haihuwa ma ta NIN daban da ta JAMB. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum uku ne. Gyaran yakan ci makonni, wani lokaci har a rufe shafin bai gama ba. Saboda haka yau ɗin nan ki sa shi ya kawo miki takardun ki karanta su harafi bayan harafi. Wata matsalar ita ce masu shagon intanet da ke cika wa yara fom da lambar wayarsu ko imel ɗinsu na shago. Ya tsaya a kai a sa nasa, kuma kada ya ba kowa ko sisi da sunan za a taimaka masa ya samu, neman lamunin kyauta ne.

Ki kuma shirya wa jinkiri. Sau da yawa makaranta na sa wa'adin rufe rajista kafin kuɗin NELFUND ya iso, dole ɗalibi ya nemo ya biya, daga baya ya nemi a mayar masa. A 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wasu makarantu da ake zargin sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Idan kun biya da kanku, ya adana rasit ɗin Remita (shafin da ake biyan kuɗin ta cikinsa), ya buga shafin da ke nuna an tura kuɗinsa, ya kai ofishin kuɗi na makaranta a rubuce.

Sikolashif, wanda ba a mayarwa, ya fi daɗi amma ya fi wuya. Hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya tana da na ɗaliban cikin gida, sai dai sai ka shiga aji biyu, kana karatu na cikakken lokaci, makinka ya kai 4.0 cikin 5.0, sannan ka ci jarrabawar tantancewa. Abin nufi, makin da ƙanenki zai samu a ajin farko shi zai buɗe masa wannan hanyar ko ya rufe ta, alhali a ajin farko ne yara suka fi shiririta. Asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, na ba masu karanta fannonin da suka shafi man fetur da gas, irin injiniyanci da ilimin ƙasa. Shirin BEA da ake tura ɗalibai Rasha da Maroko da Aljeriya da Sin da Hangari, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi a 2025, bayan waɗanda ke can sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus. Hukumar sikolashif ta jiharku kuma ya yi rajista da ita ko da abin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba, ya tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kuɗin jiha ya danganta da gwamnan da ke kai, wata shekarar a biya, wata a yi shiru, kada ki sa shi cikin lissafin da za ki dogara da shi.

Yanzu mu dawo kanki. NOUN jami'ar gwamnatin tarayya ce cikakkiya. Shagari ya kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, shi da kansa ma a can ya yi digirin digirgir bayan ya bar mulki. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, kuma a zamaninsa, a 2018, aka yi wa dokarta gyara domin a daidaita matsayin ɗalibanta da na sauran jami'o'i. Duk wanda ya ce miki takardarta ba ta da daraja, bai san abin da yake faɗa ba.

Matsalar ita ce, tsare-tsaren tallafi an rubuta su da sharaɗin karatu na cikakken lokaci. Sikolashif na tarayya haka yake, PTDF haka, mafi yawan na jihohi ma haka. NELFUND ma da ɗalibai masu karatu na cikakken lokaci a makarantun gwamnati ta fara, ba ta ɗauki masu karatun wucin gadi da masu digiri na biyu ba. Ga mai karatu daga nesa, abu biyu ne ke yanke hukunci a aikace. Na farko, lambar JAMB. NOUN ba ta buƙatar ki rubuta jarrabawar JAMB kafin ta ɗauke ki, shi ya sa ɗalibanta da yawa ke kaiwa aji uku ba su da lambar, alhali shafin NELFUND ba ya buɗe wa wanda ba shi da ita. JAMB tana da rajista ta musamman ga masu karatu daga nesa. Ki je ofishinta na jiharku ki yi ta a zangon farko, ko da ba za ki nemi lamuni ba, don za ki buƙace ta ranar da za ki nemi takardar da NYSC ke ba waɗanda ba za su tafi hidimar ƙasa ba. Na biyu, sai makaranta ta tura sunanki cikin jerin ɗalibanta zuwa NELFUND. Ki je wajen daraktan cibiyar karatunku ki tambaye shi kai tsaye ko an tura sunayen ajinku a wannan shekarar. Idan kin sa lambarki shafin ya gane ki, ki nema. Ke da kike da aure kuma, ki kula da suna: idan NCE ɗinki da sunan mahaifi take, NIN ko BVN kuma da sunan miji, ki daidaita su kafin ki cika kowane fom.

Wannan wariyar tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya taɓa leƙa cibiyar karatu a makon jarrabawa ya san su wane ne ɗaliban. Za ka ga mace da goyo a bayanta tana duba takarda a inuwar bishiya, ƙanwarta na jira ta karɓi jaririn in an kira su, ga ɗan sanda ya sauko daga aikin dare bai ko cire takalmi ba, ga malamin firamare da ya taso daga ƙauye tun asuba a kan babur. A Arewa, inda ake aurar da 'yan mata da dama kafin su kai ga jami'a, karatu daga nesa shi ne kaɗai hanyar da ta rage wa dubban mata. Kuma gwamnati ba ta gina musu ɗakin kwana, ba ta ba su wuta da ruwa, ɗawainiyarsu ba ta kai ta ɗalibin da ke zaune a makaranta ba. A ce waɗannan ne aka fi mantawa da su wajen tallafi, ban ga hikimar ba. NOUN da kanta ta yafe wa fursunoni kuɗin karatu baki ɗaya, kuma abin a yaba ne. Ya kamata a ce malaman firamare ma akwai wani rangwame da gwamnatocin jihohi ke biya musu, tunda 'ya'yan jihar za su koyar.

Amma kada wannan ya sanyaya miki gwiwa, domin tsarin biyan kuɗin NOUN da kansa sauƙi ne ga mai albashi. Bayan kuɗin da ya zama dole a kowane zango, sauran ana biya ne gwargwadon yawan kwasa-kwasan da kika yi wa rajista da jarrabawar da za ki zauna. Kina iya zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusunki na ɗalibi ta Remita, zangon da hannu ya yi ƙunci ki ɗauki kwas kaɗan, wanda aka samu sarari ki ƙara. Littattafan kwasa-kwasan suna shafin jami'ar kyauta, ki sauke su a waya. Da NCE ɗinki kuma, in sakamakon ya cika sharaɗi, aji biyu za ki fara. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne kuɗin data, da na mota zuwa cibiya lokacin jarrabawa, da na aikin bincike a shekarar ƙarshe. Cibiyoyin karatu daga nesa na jami'o'i irin na Ahmadu Bello a Zariya suna da kyau, amma da kuɗin ɗalibai suke tafiyar da kansu, don haka ki kwatanta farashi kafin ki zaɓa.

Ni a ganina, ke da kike da albashi, ko NELFUND ta buɗe miki, ki fara duba ƙungiyar adashin ma'aikata ta wajen aikinku ko ta malamai, inda ake ba da rance marar ruwa a cire a hankali. Kuɗin zango ɗaya abu ne da adashin wata huɗu ko biyar zai iya ɗauka. Idan NELFUND ta ɗauke miki rajistar ƙanenki, abin da kika yi niyyar biya masa shi zai zama kuɗin karatunki.

Abu na ƙarshe, kuma kafin ki biya ko kwabo: ki rubuta takardar neman izinin ƙaro karatu ta hannun shugaban makarantarku zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a kai ta hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB. Ki ambaci sunan jami'ar da kwas ɗin da shekarar farawa, ki bayyana cewa ba za ki bar aji ba. Na ga malamai da suka gama digiri da guminsu, suka kai takardar a ɗaga musu matakin albashi, aka ce babu shaidar an ba su izini, aka bar su suna ta zarya. Ki karɓi amsar a rubuce da hatimi, ki yi kwafi biyu, ɗaya a sa a fayil ɗinki na ofis, ɗaya ki ajiye a gida tare da takardar NCE ɗinki.